Falle Goman da Yaya Bukar Ya Ɗinke

Ranar wata Talata ce, a tsakiyar daminar da na cika shekara tara, bayan la'asar, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Ina durƙushe bakin rariya ina wanke-wanke na ji ƙarar babur ɗin Baba a ƙofar gida. Daga asibiti suke a Kazaure, shi da Yaya Bukar, kamar yadda suka saba duk bayan 'yan makonni. Kullum in sun dawo Yaya yakan shigo a sanyaye ya nemi tabarma, amma ranar sai ya shigo yana washe baki, idanun nan nasa ruwan ɗorawa, da filasta a bayan hannu. Ko takalmi bai cire ba ya zaro sabon littafin lissafi daga jakarsa, irin mai gida-gidan nan, ya zauna kan kifaffen turmi ya fara cike gidajen da fensir, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa. Na leƙa ta kafaɗarsa ban ga komai ba sai baƙaƙen tabo. Na ce masa ya ɓata littafi, kuma sai Baba ya ji. Bai kula ni ba. Da ya gama ya ce in tafi can gindin rumbu in juyo. Na tafi ina ƙunƙuni, hannuna duk kumfa, na juyo, ya ɗaga littafin sama. Sai ga mutum! Ɗan ƙaramin mutum, ƙafa ɗaya a gaba, yana shirin takawa. Na matso ya koma tabo, na ja da baya ya dawo. Na fi sau goma ina kai da komo tsakanin rumbu da turmi, har Inna ta leƙo daga madafa ta tambaya ko lafiyata ƙalau.

Abin da ya faru shi ne, Baba na layin karɓar magani Yaya ya sulale ya tsallaka titi zuwa wani shago da ya jiyo ihun yara a ciki. Gidan gem ne. Mai shagon ya ajiye talabijin da wata 'yar na'ura, yara na danna maɓallai, wani ɗan mutum a cikin gilashin yana gudu yana tsalle. Yaya bai taɓa na'urar ba, ba wanda ma ya ba shi dama. Sauran yaran hankalinsu na kan wa zai ci wa zai faɗi, shi kuwa ya yi ta kutsawa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, a nan ya gano cewa mutumin da bishiyoyin da gajimaren duk ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu aka jera. Mai shagon ya kore shi don ya tare wa mutane gani. Ya fito yana murna abinsa, tun daga Kazaure har Roni yana bayan babur yana lissafin gidaje a kansa. Ya ce mini, "Sa'ade, ai ba wani sihiri ba ne. Littafin lissafi ne kawai aka jona wa lantarki."

Yaya Bukar ya girme ni da shekara huɗu, amma wanda bai san mu ba sai ya ɗauka ni ce babba. Da ciwon sikila aka haife shi. Siriri ne, ga ɗan tulun ciki, ga dogayen yatsu, kuma abubuwan da aka hana shi sun fi waɗanda aka bar masa yawa. Ba ya langa, ba ya ƙwallo, ba ya shiga kududdufi, ko yayyafi aka fara sai a ƙwala masa kira ya shige ɗaki. In muka tafi gona lokacin noman farko, Baba na gaba da fartanya, ni ina biye ina tsige ciyawar da ta maƙale a gindin gero, shi aikinsa zama ƙarƙashin tsamiya yana gadin ƙwaryar fura, yana korar awakin mutane da baki. Bai cika kokawa da wannan ba. Abu ɗaya na san yana ci masa rai, dutsen da ke bayan unguwarmu. Duk yaron da ya amsa sunansa yaro a unguwar ya hau shi, har mu mata mukan kai rabinsa wajen neman itace. Su sauko suna cika baki, wannan ya ce ya hango Gwiwa, wancan ya ce har ƙyallin kwanon gidajen Kazaure ya gani, ƙarya da gaskiya. Sau ɗaya Yaya ya gwada. Bai yi nisa ba numfashinsa ya sarƙe, aka goyo shi gida, ya yi kwana tara a kwance yana cizon bakin zanen Inna saboda ciwon ƙashi. Daga nan Baba ya kashe maganar dutse da rantsuwa.

Ni kuwa lafiya har ta yi mini yawa, ga baki ga saurin fushi. Da safe in kai markaɗen wake inji, in ɗebo ruwa, in share tsakar gida, in ɗaure awaki, sannan in ruga makaranta da ƙosai biyu a hannu, don sana'ar Inna ke nan, suyar ƙosai a cikin gida, ana aiko yara su saya. Da yamma ƙawayena na 'yar gala-gala a ƙofar gida suna kirana, amma tun daga waccan Talatar na daina fita, Yaya ya ɗauke ni aiki. Ya gano cewa in ya zana mutumin a kowane falle yana matsar da shi gida ɗaya ko biyu, sannan ya kama gefen littafin da babban yatsa ya saki takardun da sauri, sai mutumin ya yi tafiya. Ya ce fim za mu yi. Shi ne mai ƙirga da ɗiga alama, ni ce mai cike sama da shuɗi da ƙasa da kore, da wasu guntayen fensira masu kala da na samo a musayar awarwarona. Bai yarda a tsallake layi ko kaɗan ba. In kalata ta zarce gidan da ba nata ba sai ya sa ni gogewa da guntun silifa, in na yi tsaki ya ce, "Kin karya masa ƙafa ke nan, ke za ki goya shi?" Faɗan da muka yi a kan littafin nan ya fi a ƙirga, sau biyu ina jifansa da fensir ina cewa ya nemi wata baiwar.

A ɓoye muke yi, bayan rumbu, in Baba ya fita. Na farko dai don lissafi aka saya masa littafin. Na biyu, Baba ba ya son zanen abu mai rai a gidansa, ko kalanda mai hoto sai ya juya ta bango. Na taɓa tsorata Yaya da haka, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in Baba ya kama mu sai mu miƙa masa littafin dab da fuska, ba abin da zai gani sai gidaje. Inna ma ba mu gaya mata ba, don ya ce ita za a fara nuna wa, kuma ba a nuna fim rabi. Mutumin cikin littafin yana da farar riga irin ta makaranta da gida biyu masu ruwan ɗorawa a fuska. Da na tambaya ya ce, "To wa kike zato?" Yakan fito daga zaurenmu, ya tsallake rariya, ya tsallake kunyoyin gero ɗaya bayan ɗaya, wani bunsuru ya biyo shi ya tsere masa, sannan ya kama hawan dutse. Yaya na sakin takardu yana yi masa kiɗa da baki irin wanda ya ji a shagon, tit-tit-tirit, ni kuma ina yin kukan bunsurun.

Falle sittin ne a littafin. Mun yi hamsin tare, daga tsakiyar damina har gero ya nuna. A na hamsin mutumin ya kusa ƙololuwa, hannunsa ɗaya ya kama dutsen ƙarshe. Sauran goman Yaya ya ce shi kaɗai zai yi, ya karɓe fensiran duka, ya yi kwana huɗu yana korata. Da ya gama ya saci allura da zaren Inna ya ɗinke gefensu ruf. Na yi magiya, na yi barazana, na yi alkawarin ba shi naman miyata na mako guda, a banza. Ya ce, "Ranar da za mu nuna wa Inna ke za ki tsinke zaren. Kafin nan in kika leƙa ban yafe ba." Da wasa ya faɗa, yana jan kunnena, amma ni na riƙe maganar da gaske.

Ya sa mana rana, ranar da Baba zai kai awaki kasuwar Babura gida ya zama namu. Saura kwana uku aka yi ruwan ƙarshe na shekarar, mai iska, ya same shi a hanyar dawowa daga makaranta. Washegari ciwon ya tashi, kuma ba irin wanda muka saba ba, wannan a ƙirji ya kama shi. Aka ɗora shi a babur tsakanin Baba da wani maƙwabcinmu, ya ɗago mini hannu daga ƙofar gida, bai iya magana ba. Kwana biyu suka yi a Kazaure. A na uku da hantsi ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa na ji mota ta tsaya maimakon babur, na kuma ji salatin maza a zaure. Ba zan iya rubuta sauran ranar ba. Abin da na sani shi ne, na so Yaya Bukar fiye da kowa a duniya, ban kuma taɓa gaya masa ba, tsaki da tsiwa kawai ya samu a wurina.

Bayan an share makoki na ɗauko littafin daga bayan rumbu saboda gara, na rasa inda zan kai shi. Tsinke zaren yana nufin in kai wa Inna, ni kuwa ko kallon bangonsa ba na iyawa, kullum sai in ce gobe. Sai na cusa shi cikin tsofaffin littattafaina na aji uku, a wani kwali da ke ƙarƙashin gadon Inna, ina ganin na yi dabara. Na manta da abin da kowace 'yar mai ƙosai ta sani, cewa a gidanmu ƙarshen tsohon littafin makaranta ƙunshi ne. Inna ba ta karanta boko, amma tana da tsarinta. Duk takardar da ta ga rubutun Larabci a jiki sai ta ware ta ta sa a wata jaka da ke rataye, ba a ƙunshi da ita, ba a taka ta. Sauran kuwa ta yage su falle-falle ta jera a faifai kusa da kasko. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, "yaron nan" take cewa, ko a makokin ba wanda ya ga hawayenta. Sai daga baya na gane cewa ta bi kwalin nan ta tsince duk littafin da ke da rubutun hannunsa, don ta san kwanciyar rubutunsa ko da ba ta san abin da ya rubuta ba, ta naɗe su a zane ta sa a ƙasan akwatinta. Wanda ba shi da rubutu ko ɗaya sai tabon kala, ta ɗauka shirmena ne.

Ranar da ta koma suya bayan sadakar arba'in, na kai markaɗe na wuce makaranta. Da aka tashi tara muna zaune gindin darbejiya, wata 'yar ajinmu, Lantana, ta buɗe ƙunshin ƙosanta. Na ga shuɗi. Na san shuɗin nan, hannuna ne, har da inda na zarce layi na goge. Mai ya ratsa takardar ta yi shara-shara, yaji ya manne a kan kunyoyin gero. Na fizge ta, ƙosan ya watse a ƙasa, Lantana ta fashe da kuka, ko waiwayarta ban yi ba. Na bi filin makarantar ina ƙwace takarda a hannun duk wanda na ga bakinsa na motsi, har wani ɗan aji shida ya mare ni ban ji ba. Daga nan na fice unguwa, na bi gida bayan gida ba ko sallama. Na tona juji, na leƙa murhu, na ƙwato falle guda daga bakin akuya. Wasu sun goge hannu sun jefa tasu a kwata, wasu sun hura wuta. Wata tsohuwa, Goggo Hajjo, ta ce lallai takardarta tana da hujin allura a gefe, ta ma yi mamaki, amma da ita ta kunna itacen ɗumama tuwo.

Na dawo gida da falle goma sha ɗaya a gaban rigata, duk mai. Inna na kankare kasko. A faifai ga abin da ya rage na littafin, bango da falle ashirin na farko. Ta baya ta fara yaga kamar yadda ta saba, ta sa wuƙa ta tsinke zaren, don haka ɗinkakkun ne suka fara tafiya, tare da masu sayen sassafe, lokacin da kowa ke neman abin hura wuta. Ko ɗaya daga cikin goman ban samu ba. Na tsaya a kanta na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse a ƙasa. Na ce, "Inna, kin yayyaga Yaya Bukar kin raba wa gari da ƙosai." Ta ɗago ta dube ni, ba ta gane ba. Na ɗauki falle ɗaya na ja da baya har bakin zaure na ɗaga mata. Na ga lokacin da ta gan shi, farar rigar da idanun. Abin kankarar ya suɓuce daga hannunta. Ba ta dake ni ba, da ma dukana ta yi. Ta tashi ta yafa mayafi, ita da ba ta fita da rana sai da babban dalili, ta bi gidajen da na riga na bi da waɗanda ban bi ba. Sai bayan azahar ta dawo da falle biyu, duka na wurin bunsuru, ta ajiye mini a kan tabarma ta shige ɗaki. Ba mu sake tayar da zancen ba, ni da ita, shekara ashirin da 'yan kai.

Na yi karatu, na koyi kwamfuta, yanzu ina zaune a Kazaure da mijina da 'ya'yana, ina haɗa gajerun finafinai irin waɗanda ake kallo a waya. Abin dariya, aikin da aka fi nemana da shi shi ne in mayar da hoto mai kyau tas ya koma gida-gida kamar gem ɗin da. Matasa su ɗauki fim da kyamarar da ke nuna har gashin gira, su kawo mini su ce, "Anti, a tsofar mana da shi." In rage kaloli, in farfasa fuskoki su koma ƙananan gidaje, in sa tafiyar ta riƙa tsalle-tsalle, in ɗora kiɗan tit-tit, su yi ta shewa, alhali yawancinsu ba su taɓa leƙa gidan gem irin na da ba. Aikin da ya ci mana rabin damina yanzu kafin shayi ya huce na gama. Ba na raina shi, da shi nake ci, amma wani lokacin nakan ji haushin sauƙinsa.

Falle talatin da ukun nan na shigar da su kwamfuta tun tuni, da tabon mansu da komai. Na cike giɓin da ke tsakani, don waɗannan na san su, da hannuna a ciki. Fim ɗin na tafiya lafiya har mutumin ya kama dutsen ƙarshe, sai ya tsaya cak. Mijina ya ce ai ni ce gwanar, in ƙarasa kawai in huta. Na gwada sau uku. Na sa ya tsaya a ƙololuwa ya ɗaga hannu, na sa ya hango garuruwa, na sa ya sauko gida ana jiransa. Duka sun yi kyau, duka na goge, don kowanne tunanina ne, kuma Yaya bai taɓa yin abin da na zata ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta ga falle goman nan, ita kuwa na kasa tambayarta.

Sai bara da kaka na je Roni na same ta tana tsintar wake a tsakar gida. Baba ya rasu, ita ma jiki ya yi nauyi, ta daɗe da daina suya. Na zauna na taya ta, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Inna, takardun nan da aka ɗinke, ko kin tuna abin da ke jiki?" Na zata za ta ce waɗanne takardu. Hannunta bai ma tsaya da tsintar ba. Ta ce, "Shuɗin ya yi yawa. Na farko-farkon akwai baƙi ta ƙasa, sai ya yi ta raguwa. Na ƙarshen akwai ja a gefen dama, gida bakwai, ko takwas, shi ne nake kokwanto. Ɗaya bayan ɗaya na riƙe su, Sa'ade, a wannan hannun." Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake. "Ba safiyar da ba na jera su a kaina. Har yau ban san me yaron nan ya so ya nuna mini ba." A nan na nemi gafararta kan maganar da na faɗa mata ina 'yar shekara tara. Ta ce ba ta taɓa riƙe ni ba, kanta ta riƙe.

A da ba mu da komai sai guntayen fensira da bayan rumbu, amma wanda ya san ƙarshen labarin yana zaune kusa da ni, gwiwarsa na gogar tawa. Yanzu ina da na'urar da za ta zana duk abin da na ce, in dai na san abin da zan ce. 'Ya'yana na kallon fim ya fi a ƙirga a rana, su ture shi da yatsa tun bai ƙare ba su wuce na gaba. Ba na yi musu faɗa. Ni dai akwai guda ɗaya da zan ba da duk na'urorin nan in ga ƙarshensa, ina zaune kusa da Inna. Mu biyu muka rage masu jiransa, kuma ɗayarmu ta tsufa.